Alƙawarin Da Yaranmu Ke Ɗauka Kowace Safiya



Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro ya tare mu a ƙofar masallaci yana huci. Ɗansa ɗan aji uku ya dawo daga makaranta da shatin bulala a sharaɓa. Laifinsa shi ne an fito da shi gaban asambuli ya rera taken ƙasa shi kaɗai, ya fara da wanda aka soke, ya ƙare da wanda aka dawo da shi. Uban ya ce shi kam ya gama shawara, cire yaron zai yi, don dama wani ya gaya masa tsayuwa ga ƙyalle shirka ce. Ya ce mu ba shi fatawa nan take. Muka ce, "Alhaji, ai fatawa ba ɗan goro ba ce da za a miƙa maka a bakin hanya, ka ba mu lokaci." Mun tambaya, mun sa yaranmu masu boko sun karanto mana, mun kuma tuna abin da muka gani da idonmu. Abin da muka samu ya ƙara mana fushi, amma ba a inda Alhajin ya ajiye nasa fushin ba.

Wannan al'ada ta jera yara da safe a sa su sara wa tuta su furta biyayya, ba ta tsufa kamar yadda muke zato ba, kuma an san waɗanda suka ƙirƙiro ta. Inda ta yi ƙarfi da fari shi ne Amurka. A birnin Boston akwai wata mujallar yara mai suna Youth's Companion, wadda bayan sayar da takarda tana sayar wa makarantu tutoci. Ya zuwa 1892 ta sayar wa makarantu wajen dubu ashirin da shida. Mu 'yan kasuwa mun san abin da ke biyo baya idan kaya suka fara kwantai: sai ka nemo dalilin da zai sa a dawo rumfarka. A wannan shekarar ake cika shekara 400 da zuwan Kolombos nahiyar, sai mujallar ta shirya biki na makarantun ƙasar baki ɗaya, ta sa wani ma'aikacinta, Francis Bellamy, wanda tsohon fasto ne, ya rubuta 'yan kalmomin da yara za su faɗa a gaban tuta. Aka buga su a watan Satumba, a watan Oktoba yara a faɗin ƙasar suka furta su. Ba mu ce babu kishin ƙasa a zuciyar mutanen nan ba, shekara ashirin da bakwai kacal ke nan da gama yaƙin basasarsu. Amma ciniki ma yana ciki, kuma bai kamata a ɓoye shi ba.

Su wa aka fi nufa da abin? Nan ne ya kamata mutanen zango su kasa kunne. A lokacin jiragen ruwa na ta sauke baƙi daga Italiya, Rasha, Folan da sauransu, 'ya'yansu sun cika makarantun Niyok da wasu birane, 'yan gari kuma suna kallonsu da ido ɗaya. Asalin lafazin yana cewa ne "tutata". A 1923 aka zauna aka ce a'a, kada ɗan baƙo ya faɗi haka zuciyarsa tana can ƙasar ubansa, sai aka cire aka sa sunan Amurka ɓaro-ɓaro. Wato tun daga tushe, wanda ake shakkar biyayyarsa shi ake sa ya maimaita ta kullum. Wanda ya girma a Sabo ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

Har yadda ake sarawar ma sai da aka sake. Da can yara suna miƙe hannun dama ne zuwa ga tuta. Da Hitila ya zo da irin tasa gaisuwar a Jamus, hotunan yaran Amurka suka zama abin kunya, a Disambar 1942 majalisarsu ta ce a riƙa ɗora hannu a ƙirji. A 1954 kuma, lokacin gaba da Tarayyar Sobiyet, aka cusa ambaton Allah a ciki don a bambanta da 'yan gurguzu. Abu ne da mutane suka ɗinka, suna farkewa suna sake ɗinki gwargwadon yadda siyasa ta juya.

Maganar Alhaji mai goro ma an taɓa yin ta a can, sai dai ba Musulmi suka yi ba. Shaidun Jehobah ne, waɗannan masu jaka da ƙananan littattafai da ke ƙwanƙwasa ƙofofi a nan Ibadan. Su a wurinsu sara wa tuta bauta ce ga abin da ba Allah ba. A 1935 aka kori wasu yara biyu 'yan gida ɗaya daga makaranta a garin Minersville saboda sun ƙi yi. Magana ta kai kotun ƙoli, a 1940 alƙalai takwas cikin tara suka ce makaranta ta yi daidai. Abin da ya biyo baya ba kyau: aka riƙa dukan mabiya ɗarikar a garuruwa, aka ƙona musu wurin ibada, aka kori yara da yawa. Bayan shekara uku kacal, ranar 14 ga Yunin 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, kotun nan dai ta janye hukuncinta, shida suka rinjayi uku, ta ce hukuma ba ta da ikon tilasta wa yaro furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. A Indiya ma kotun ƙoli ta yi irin wannan hukunci a 1986, a kan wasu yara uku na jihar Kerala da suke miƙewa tsaye cikin ladabi idan ana taken ƙasa amma ba sa rerawa. Ta ce tsayuwar ta wadatar, a mayar da su aji. Ba mu bin aƙidar mutanen nan, nesa ma. Amma ƙasar da ta ƙirƙiro abin ta haramta tilasta shi shekara tamanin da suka wuce, mu kuma da muka aro har yau da bulala muke koyar da shi.

Mu dawo gida. Kafin 'yancin kai tutar Ingila ake sara wa. Kowace 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, ana yin Ranar Empaya: a kwaso 'yan makaranta zuwa fili, su yi fareti a gaban Razdan ko Di'o, su yi wa sarautar Ingila addu'ar tsawon rai cikin waƙa, a yi guje-guje a raba kyaututtuka. Dattawanmu na Sabo mafi yawansu kallo suka yi daga nesa, don lokacin ba su yarda da boko ba. Ranar 1 ga Oktoban 1960 aka sauke waccan aka ɗaga kore-fari-kore. Sandar tutar dai ita ce, layin yaran shi ne, ƙyallen ne ya sake.

Wanda ya zana tutar nan, Taiwo Akinkunmi, a garin nan ya rayu. Yana ɗalibi a Landan ya ga sanarwar gasa a jarida, ya aika da zanensa cikin fiye da dubu biyu da aka aika, aka zaɓi nasa bayan an cire wata jar rana da ya sa a tsakiya, aka ba shi fam ɗari. Ya dawo ya yi aikin gwamnati a ma'aikatar gona har ya yi ritaya, aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 2014 aka tuna aka ba shi lambar girma. Ya rasu a Agustan 2023, gawarsa kuma ta yi shekara guda ba a binne ba, iyalinsa na jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alƙawari. Duk tsawon shekarar nan, kowace safiya ana dukan wani yaro a wani wuri saboda bai ƙame wa zanen mutumin da kyau ba.

Shi kuwa alƙawarin biyayya da ake faɗa bayan take, a 1976 ya zo, kuma nan ne zaren ya haɗu da na Amurka. Wata malamar Jami'ar Legas, Felicia Adedoyin, 'yar garin Shaki a nan jihar Oyo, 'ya'yanta sun yi makaranta a Niyok da kuma Gana, sun saba da faɗar irin wannan a can, suka tambaye ta me ya sa babu a gida. Ta rubuta, jaridar Daily Times ta buga a watan Yuli, aka kai wa Janar Obasanjo, a watan Satumba ya ba da umarni kowace makaranta ta riƙa yi. Shekara shida ke nan da gama yaƙin basasa, wata bakwai da kashe Murtala. Ana iya fahimtar tsoron da ke zukatan shugabannin lokacin. Mu da muka haura hamsin, a kanmu aka fara. Wasunmu Islamiyya muka yi, bokonmu bai taka kara ya karya ba, amma muna jin 'yan firamaren da ke maƙwabtaka da mu suna rattaba shi, har muka haddace sautin ba tare da mun san ko kalma ɗaya ba. A 1978 aka soke taken da wata Baturiya, Lillian Jean Williams, ta rubuta, aka kawo wanda 'yan ƙasa suka haɗa, Benedict Odiase na bandin 'yan sanda ya sa masa kiɗa. A 1984 zamanin Buhari da Idiagbon aka zo da yaƙi da rashin ɗa'a, manya masu furfura suka koma hadda, don ana iya tsayar da ma'aikaci a ce ya rero take. Mun ga dattijo yana bin jikansa yana cewa a biya masa.

Sai 2024. Cikin kusan mako guda majalisun tarayya biyu suka amince, ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sa hannu, aka jefar da taken da aka yi shekara arba'in da shida ana rerawa, aka tono na 1960. A lokacin kowa ya san nawa mudun shinkafa ya kai a Bodija. Ba a tambayi malaman makaranta ba, balle iyaye. Malamin da ya bugi ɗan Alhaji, in ba a yi sa'a ba, shi kansa a waya ya koyi taken, kuma in aka ce ya kawo baiti na biyu da na uku sai ya yi tari. Wanda 'yan majalisa da ministoci suka riƙa motsa baki a talabijin ba su iya ba, shi ake so yaro ɗan shekara takwas, wanda Hausa yake ji a gida, Yarabanci a titi, ya kawo shi da Turanci ba gargada.

To, batun shirka. Mu ba manyan malamai ba ne, limancin ma na wucin gadi ne in babban liman ba ya nan, saboda haka abin da muka fahimta kawai za mu faɗa. Ruku'u da sujada na Allah ne shi kaɗai, wannan babu ja. Da za a ce yaro ya rusuna wa tuta ko ya roƙe ta wani abu, da mu ne a gaba wajen hanawa. Amma miƙewa tsaye da yin shiru, malaman wannan zamani sun yi saɓani a kai: akwai masu ganin bidi'a ce da koyi da wasu, akwai masu ganin al'ada ce ta girmama ƙasa wadda ba ibada a cikinta, kuma babu ɗan makarantar da ya taɓa zaton ƙyallen nan yana ji ko yana gani. Tuta ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mus'abu ɗan Umairu riƙe da tuta ya yi shahada a Uhudu, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib haka a Mu'uta. Shehu Usmanu tuta ya ba Modibbo Adama, ya ba Buba Yero, ya ba Yakubun Bauchi, ya ba Malam Musa na Zazzau, har yau kuma da ita gidajen nan ke alfahari. Sannan, 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu da ke cire takalmi tun daga zaure mu zube a gaban sarki muna jinjina, mu ne za mu kafirta yaro don ya tsaya cak minti biyu? Ɗaya ɓangaren ma kada su ji daɗi. Maganar nan da ake yawan jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a bukukuwan gwamnati, wai son ƙasa yana cikin imani, malaman hadisi sun ce ba ta inganta ba. Kada a yi wa addini ƙarya don a kare tuta, kada kuma a yi masa ƙarya don a rushe ta.

Abin da ya fi damunmu a matsayin masu karantarwa wani ne daban. Mun tara yara goma sha biyu na Islamiyyarmu da ke zuwa boko da safe, muka ce su faɗi alƙawarin. Suka zuba shi tiryan-tiryan kamar ruwan famfo. Muka ce to, wa zai gaya mana ma'anarsa da Hausa? Aka yi tsit. Wata yarinya ta ce addu'ar tafiya aji ce. Ba su san cewa kullum suna ɗaukar wa ƙasa alƙawarin gaskiya da riƙon amana ba, da yi mata hidima iya ƙarfinsu, da kare haɗin kanta, har suna neman taimakon Allah a kai. Kalmomin ba su da aibi, da ma a ce manya sun riƙe rabinsu. Aibin yana wajen sabar wa yaro, shekara shida a firamare, shida a sakandare, ya ɗora hannu a ƙirji ya furta abin da bai sani ba, don kawai kada a doke shi. Alƙawari kaya ne. A kasuwa in mutum ya ce "na sallama", ko an zo da ninkin kuɗin ba ya tashi, da wannan kalma ɗaya kakanninmu suka yi fataucin goro da shanu tsakanin nan da Kano ba takarda ba lauya. Yaron da aka koya wa cewa alƙawari wani sauti ne da ake yi kafin a shiga aji, ranar da ya girma aka ɗora masa Alƙur'ani a hannu a ofis, me zai hana shi ɗaukar wannan ma haka? Mu ma masu allo wannan tuhumar ba ta bar mu ba, mun sani, muna da masu hadda da ba su san fassarar Fatiha ba. Amma ko ba komai mu muna cewa gyara muke nema.

Sai kuma babbar, wadda duk gidan da ke Sabo ya ɗanɗana. Alƙawari tsakanin biyu ake yin sa. Unguwar nan tun 1916 take. Akwai gidajen da kaka, uba, ɗa da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Wani yaro na gidanmu ya yi shekara goma sha biyu yana yi wa Najeriya alƙawarin kare haɗin kanta, wasu lokutan ma shi ake ba tutar ya ɗaga saboda tsayinsa. Da ya gama ya tashi neman gurbin karatu, aka ce ya kawo takardar shaidar asali. Ya je ofishin da ya kamata a nan, aka dube shi aka ce ya tafi garinsu. Ya hau mota ya tafi garin da kakansa ya baro, garin da bai taɓa kwana uku a jere a cikinsa ba, can ma aka ce wa ya san shi, har wani yana yi masa dariyar yadda Hausarsa ta karkata. Sai da aka nemo wani tsoho da ya tuna sunan kakan. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 24 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da take da alƙawarin nan, mun yarda. Amma shi dai wannan kundi a sashe na 15 ya ɗora wa hukuma ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a duk inda yake, a sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali. Na farkon ana karɓarsa kullum ƙarfe takwas saura kwata, da bulala a hannu. Na biyun wa ke karɓar mana? Waɗanda suka kwashe 'ya'yansu daga Shasha a Fabrairun 2021 suna da amsarsu. Kuma kada mu yi kamar mu kaɗai ne: ɗan Bayerabe ko ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, irin wannan ƙofar ake rufe masa, da hannun 'yan'uwanmu.

Duk da haka ba mu ba Alhaji mai goro shawarar ya cire ɗansa ba, kuma ba za mu ba kowa ba. Mun riga mun ga abin da ƙauracewa boko ta jawo wa unguwar nan, har yau in takarda ta zo daga hukuma sai mun nemo mai karanta mana, wani lokacin mai karantawar ne ke cin mu. Wanda ya janye ɗansa daga layin asambuli ya sauƙaƙa wa masu cewa mu baƙi ne aikinsu. Yaron ya tsaya, ya tsaya da kyau, tutar tasa ce kamar ta kowa, harajin rumfar ubansa yana cikin kuɗin sandar da aka rataye ta.

Abin da muke nema a wurin makarantu ba shi da tsada. A daina dukan yaro a kan take, mai kuskure a biya masa. A ware ko da rana ɗaya a zango a fassara wa yara abin da suke faɗa, da Yarabanci da Hausa, a kuma gaya musu su wane ne Akinkunmi da Adedoyin, mutanen jiharsu ne, ba aljanu suka kawo abin ba. Iyaye kuma, taron iyaye da malamai ba na mata da marasa aikin yi ba ne. A makarantar da aka bugi yaron nan, 'ya'yanmu sun kusa kashi ɗaya cikin uku na ajinsu, amma ranar taron da ya wuce mu huɗu ne daga Sabo.

Mun raka Alhaji wurin hedimasta ranar Litinin. Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya ba da haƙuri, ya ce zai yi wa malamin magana, batun fassara kuma ya ce in za mu samo wanda zai yi ta Hausar shi ba shi da matsala. Mun ce za mu samo, kuma muna roƙon ɗaya daga cikin samarinmu masu digiri da ke zaune a majalisar mai shayi ya zo ya same mu a rumfa. Da za mu fito muka ɗaga kai muka dubi tutar makarantar: korenta ya koɗe ya koma ruwan toka, gefe ɗaya ya yage yana lilo, alhali dokar tuta ta hana a kafa irin wannan. Alhaji ya tambayi nawa ake sayar da sabuwa a Dugbe, aka gaya masa, ya ce a bar masa wannan, zai aiko da ita ranar Alhamis.